Obarol ɗin da aka ce maka wuta ba ta cinsa: yadda ake gane na gaskiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwangilar aikin wuta ne a Kano, ina da yara shida. Muna haɗa fanel a ƙananan masana'antu, muna gyaran janareta da aikin sola, wani lokaci har gefen taransifoma. Na sayo musu obarol ruwan lemo mai ƙyalli a kasuwa, mai shagon ya rantse wuta ba ta cinsa. Wani abokina kuma ya ce kada in ɓata kuɗi, kayan auduga zalla sun wadatar. Wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ɗauko ɗaya daga cikin obarol ɗin nan ka juya cikinsa, ka nemi 'yar takardar da aka ɗinka a wuya ko a kwiɓi. Akasarin masu ruwan lemon da ke yawo a kasuwanninmu za ka tarar an rubuta foliyesta kashi 65 cikin 100, auduga kashi 35, wasu ma babu takardar sam. In haka ka gani, ka raba yaranka da su a aikin wuta tun yau. Launin lemo da ƙyallin nan an yi su ne don direba ya hango ma'aikaci a titi da dare, babu ruwansu da wuta. Abokinka ya fi mai shagon kusa da gaskiya, amma shi ma bai kai ba.

Haɗari biyu ne ke gaban mai aikin lantarki, mutane kuma kan cakuɗa su. Na farko jan wuta, inda lantarki ke bi ta cikin jiki ya tsayar da zuciya. Babu rigar da ke hana wannan, ko ta nawa ka saya. Abin da ke hana shi kashe layi ne da safar hannu ta roba da kayan aiki masu rufi. Na biyu shi ne wanda tufafi ke da bakin magana a kansa, wato walƙiyar lantarki. Sifana ta zame ta haɗa layi biyu, ko ƙura da laima sun taru a fanel, ko ƙadangare ya shiga tsakanin ƙarafa, sai wuta ta yi tsalle ta cikin iska. Zafin tsakiyar wannan walƙiya yana iya kaiwa digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyos, fiye da ninki uku na zafin fuskar rana. Jan ƙarfen da ke wurin yakan narke ya zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 67,000, shi ya sa ake jin ƙara mai fasa kunne, ƙofar fanel ta ɓalle, narkakken ƙarfe ya fantsamo. Ba sai mutum ya taɓa komai ba, tsayuwa a gaban wurin kaɗai ta isa. An daɗe ana lissafa irin wannan ƙuna cikin jan wuta, sai a 1982 da wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Lee ya fito da bayanin da ya nuna haɗari ne mai zaman kansa, da nasa lissafin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan. Walƙiyar kanta ba ta daɗewa, sau da yawa ba ta cika rabin sakan ba. Ƙunar da take yi da kanta takan tsaya a wurin da ke fuskantarta, wato fuska da hannuwa da ƙirji. Abin da ke mayar da ƙaramin rauni ya zama na ajali shi ne rigar da ta kama ta ci gaba da ci bayan walƙiyar ta mutu. Wutar sai ta zagaya baya, ta hau wuya, ta sauka cinya, mutum yana gudu yana ƙara hura ta. Likitoci suna kasa fatar babban mutum kamar haka: kowane hannu kashi 9 cikin 100, kai kashi 9, gaban gangar jiki 18, bayanta 18, kowace ƙafa 18. Ka ga ke nan wanda hannunsa da fuskarsa suka ƙone yana da kyakkyawan zaton warkewa, amma wanda obarol ya ci a jikinsa ya wuce rabin fatarsa, kuma ka san irin nisan da ke tsakanin yawancin wuraren aikinmu da asibitin da zai iya riƙe irin wannan majinyaci. Aikin rigar kariya shi ne ta mutu da kanta da zarar tushen wutar ya gushe, kada ta narke, kuma ta tare zafi gwargwadon ƙarfinta. Ita ma tana babbakewa, tana yin baƙi, tana lalacewa. Duk wanda ya ce maka yana da yadin aiki da wuta ba ta taɓa shi kwata-kwata, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka.

Foliyesta da nailan su ne mafi sharri. Suna narkewa a wajen digiri 250, su manne wa fata suna ci gaba da dafa ta, a asibiti kuma sai an ɗaye su tare da naman. In an gauraya su da auduga abin ya fi muni, domin audugar tana riƙe harshen wuta, robar tana narkewa a kanta. Auduga zalla ba ta narkewa, nan ne gaskiyar abokinka take, amma tana kamawa kuma ba ta mutuwa da kanta. Ƙa'idar NFPA 70E ta Amurka kan kare ma'aikata daga haɗarin lantarki, wadda aka fara fitarwa a 1979 kuma kamfanoni da yawa a duniya ke bi, ta taɓa ware wani mataki na ƙasa cikin matakan kayan kariya da ya yarda da auduga zalla, amma a bugun 2015 an cire shi daga jerin matakan. Auduga wurinta ciki ne, a matsayin singileti da gajeren wando.

Yadin kariya na gaskiya iri biyu ne. Akwai wanda zarensa ne da kansa ba ya riƙe wuta, kamar Nomex na kamfanin DuPont da ya shiga kasuwa a 1967. Ba ya narkewa, sai dai ya ƙandare ya zama gawayi a wajen digiri 370, kuma wanki ba ya cire masa wannan hali. Wanda aka fi ɗinka kayan aiki da shi gauraye ne: Nomex kashi 93, Kevlar kashi 5 don ƙarfi, sauran kashi 2 zaren da ke hana taruwar lantarkin gogayya. Sai kuma auduga da aka shigar wa sinadarin fosfaras har cikin zare, irin su Proban da Westex, wani lokaci da nailan kashi 12 don ta jure aiki. Kada wannan nailan ɗin ya ruɗe ka, an gwada yadin a haka kuma ya ci jarrabawa. A ganina, ga mai aikin lantarki a ƙasarmu audugar da aka sarrafa ta fi dacewa: ta fi araha, ta fi shan gumi, kuma a nauyi ɗaya sau da yawa ta fi tare zafin walƙiya. Rauninta wanki ne, zan zo kansa.

Yanzu ga yadda ake karanta takardar. Haruffan FR kaɗai suna nufin yadin ba ya ci gaba da ci, ba su gaya maka yawan zafin da zai tare ba. Abin da kake nema lamba ce da aka rubuta da cal/cm², yawanci bayan haruffan ATPV, tare da sunan ƙa'idar da aka yi gwajin a kanta, ASTM F1506 ta Amurka ko IEC 61482-2 ta ƙasa da ƙasa. Lambar tana nufin kalori nawa na zafi ke sauka a kan kowane murabba'in santimita. Don ka gane girmansa, kalori ɗaya kusan daidai yake da ka ɗora yatsa a kan harshen wutar laita na sakan guda. Kalori 1.2 ya isa ya sa fata ta yi bororo, kuma tushen wannan iyaka binciken Alice Stoll ne, wata masaniya da ta yi wa rundunar sojan ruwan Amurka aiki a shekarun 1950 da 1960 tana auna zafin da fatar mutum ke iya ɗauka. NFPA 70E ta kasa kayan kariya mataki huɗu: kalori 4, kalori 8, kalori 25 da kalori 40. Kayan Turai kuma wani lokaci za ka ga APC 1 ko APC 2, wato an gwada su da walƙiyar amfiya 4,000 ko 7,000 na rabin sakan. Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa: in an rubuta ATPV 8, ma'anarsa a daidai kalori 8 ɗin akwai yiwuwar kashi 50 cikin 100 mutum ya yi bororo ta cikin rigar. Don haka lambar rigar ta zarce haɗarin wurin, kada ta tsaya daidai da shi.

To nawa ne haɗarin wurin aikinku? Abu uku ke yanke wannan: yawan wutar da za ta kwararo in layi ya haɗu, tsawon lokacin da fis ko bireka zai ɗauka kafin ya yanke, da nisan mutum daga wurin. Yawancin masu aiki suna jin tsoron layin bolt 11,000 su raina bolt 415, alhali fanel ɗin da ke bayan taransifoma kai tsaye yana cikin wurare mafi haɗari. Ɗauki taransifoma mai kVA 500: cikakken lodinsa a bolt 415 kusan amfiya 700 ne, amma in layi ya haɗu a bakinsa yana iya turo amfiya 14,000 zuwa 17,000. Jadawalin NFPA 70E ya sa fanel mai bolt tsakanin 240 da 600 a mataki na biyu, wato kalori 8, amma da sharaɗin bireka zai yanke cikin kashi 3 cikin 100 na sakan. Nan ne gizo ke saƙa a wajenmu. Sau nawa ka buɗe akwatin fis ka tarar an naɗa wayar jan ƙarfe a madadin fis ɗin da ya ƙone? Sau nawa ka ga birekan da ya fi ƙarfin layinsa, an sa shi don kada ya riƙa faɗuwa? In lokacin yankewa ya ninka sau goma, zafin ma ya ninka kusan sau goma, rigar kalori 8 kuma ta tashi daga aiki. Shawarata ita ce kayan yau da kullum na yaranka su zama aƙalla kalori 8, kuma duk fanel ɗin da ka ga an yi wa fis ɗinsa dabara, ko babban fanel na bakin taransifoma, kada kowa ya sa hannu a ciki da wuta. Ɓangaren 11,000 kuwa na mataki na huɗu ne, aikin ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne masu izini. A Kano da Katsina da Jigawa KEDCO za ka nema su kashe maka layi.

Riga mai kyau tana iya zama banza saboda abin da ke ƙarƙashinta ko samanta. Samarinmu suna son jesin ƙwallo, jesi kuwa foliyesta ce zalla; zafin da ya ratsa obarol zai narkar da ita a kan ƙirji. Haka suwaitar roba da hunturu, da rigar ruwa ta leda da damina, da 'yar falmaran mai ƙyalli da ake ɗorawa a sama. Duk abin da ke waje dole shi ma ya zama na kariya, duk abin da ke ciki ya zama auduga. Zobe da agogon ƙarfe da sarƙa a ajiye su a jaka.

Obarol kuma bai rufe fuska da hannu ba, su ne kuwa suka fi kusa da wurin. A mataki na biyu ana buƙatar garkuwar fuska mai lambar kalori, ba ta mai walda ko ta mai gurza ƙarfe ba, da hular yadi mai rufe kai da wuya, da hular kwano, da tabarau, da abin toshe kunne, da takalmin fata. Safar hannu ta roba tana da aji bisa ƙa'idar IEC 60903: aji 00 har bolt 500, aji 0 har 1,000, aji 1 har 7,500, aji 2 har 17,000. Ku aji 0 ya ishe ku, musamman da yake layin sola kan haura bolt 500. A ɗora mata safar fata a sama don kada waya ta huda ta, a hura mata iska kullum kafin aiki a saurara ko tana yoyo, a kuma kai ta gwaji duk wata shida.

Na san abin da za ka ce: zafi. A watan Afrilu, ɗakin janareta a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba wurin da mutum ke son dogon hannu ba ne, kuma na sha ganin ma'aikata sun zuge obarol sun ɗaure hannuwansa a ƙugu. Wanda ya yi haka daidai yake da wanda bai sa ba. Kada ka yaƙi wannan da faɗa kawai, ka yaƙe shi wajen saye. Yadin auduga da aka sarrafa mai nauyin giram 240 a murabba'in mita yakan ba da kalori 8 da ɗoriya, kuma ana iya yini da shi. Riga da wando daban sun fi obarol shan iska, muddin za a cusa rigar cikin wando. Ka sayi mai ɗan yalwa, domin iskar da ke tsakanin yadi da fata ita ma kariya ce, matsattsen kaya kuwa yana miƙa zafi kai tsaye. Aikin fanel a yi shi da sanyin safiya, a ajiye ruwan sha, wanda rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi ya huta ta sha iska, domin jiƙaƙƙen yadi yana iya dafa fata da tururi.

Wajen saye, jabu sun yi yawa, takarda kuma ba ta da wuyar bugawa. Ka nemi dillalin ya ba ka sunan kamfanin da ya saƙa yadin da kwafin sakamakon gwaji. Wuraren da ke iya yin gwajin walƙiya a duniya kaɗan ne, irin su Kinectrics a Kanada da AITEX a Sifen, don haka takardar gaske za ta ambaci inda aka yi. Kana iya yanko ɗan ƙyalle daga cikin lanƙwasar ƙafar wando ka kara masa ashana a fili: in ya narke yana ɗiga, ko ya ci gaba da ci bayan ka janye wutar, magana ta ƙare. In ya mutu da kansa, ka san dai ba ya riƙe wuta, amma wannan bai ba ka lambar kalori ba. Na gwanjo ban ba ka shawara ba, ko da tambarin babban kamfanin mai ne a jiki, domin ba ka san da me aka wanke shi ba, ba ka kuma san dalilin da ya sa aka yar da shi ba. In kuɗi sun yi kaɗan, ka samo yadin gaske mai takarda ka kai wa tela, amma a ɗinka da zaren aramid, wato irin zaren Nomex, domin zaren foliyesta zai narke ɗinkin ya buɗe a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A rufe zif da maɓallan ƙarfe da yadi, kada kuma a manna babban tambarin roba a baya. Wannan bai kai wanda aka gwada a ɗinke ba, amma ya yi wa na kasuwa nisa.

Wanki ne ke kashe yawancin kayan kirki a hannunmu. Bilic irin su Hypo da Jik yana cinye sinadarin da ke cikin audugar, ya raunana zaren Nomex, kuma ido ba zai gane ba, rigar tana nan fes amma kariyar ta tafi. Sitati da man laushin tufafi suna barin abin da wuta ke ci a saman yadin. Sabulun sanda in ya haɗu da ruwa mai zartsi yana barin dauɗar da ita ma take kamawa, don haka a yi amfani da garin sabulu marar bilic a ɗauraye sosai. In za a kai wa mai wanki da guga, a gaya masa wannan baki da baki, domin shi a wajensa sitati kyautatawa ce. A wanke su daban da kayan gida. Rigar da ta sha baƙin mai ko dizal ko giris, man zai ci a kanta ko da yadin bai ci ba. In wanki bai fitar ba, ta gama aiki. Kada a fesa mata maganin sauro. Wadda ta yage a yi mata faci da irin yadinta, wadda walƙiya ta taɓa bugu ko sau ɗaya a jefar.

Tunda kuna taɓa janareta da tankin mai, ka duba takardar ko akwai NFPA 2112 ko ISO 11612, waɗanda suka shafi wutar da ke tashi farat ɗaya daga tururin fetur ko iskar gas. Kaya da yawa suna ɗauke da shaidar biyun, su ne suka fi dacewa da ku. Gwajin NFPA 2112 na sakan 3 ne kacal a jikin mutum-mutumi, wato lokacin da mutum zai juya ya tsere. Gobara irin ta tankar man da ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, Allah ya ji ƙansu, ta fi ƙarfin kowace rigar aiki. Walda tana da tata ƙa'idar, ISO 11611, kuma siririn Nomex ba ya jure tartsatsinta, hudewa yake yi. A aikin sola kuma ka ja kunnen yara: wutar NEPA tana sauka sifili sau 100 a sakan, wanda ke taimaka wa walƙiya ta mutu, amma ta batir da faranti miƙaƙƙiya ce, in ta kama tana daɗewa. Jerin batura masu bolt 48 da wuya su ja mutum, amma sifanar da ta faɗa kan kawunansu tana iya narkewa a hannu.

Duk wannan bayan an kasa kashe wuta ne, ko kuma lokacin tabbatar da cewa ta mutu. A kashe, a sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mai aikin. A gwada mita a wurin da aka san akwai wuta, a gwada layin, a sake gwada mitar, sannan a haɗa layin da ƙasa. Testa mai kama da sukudireba ba abin dogaro ba ce a nan. Kada kuma a ce ai an ɗauke wuta: ana iya dawo da ita ba sanarwa, janaretan maƙwabci da aka haɗa ba daidai ba yana iya turo wuta baya, taransifoma kuma ya ɗaga ta zuwa 11,000. Har sai mita ta tabbatar, layin mai rai ne, kuma wanda ke gwajin ya kasance cikin cikakken kayansa.

In tsautsayi ya auku, a fara yanke wuta kafin a taɓa mutum, a kwantar da shi a kashe wutar jikinsa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙunar na minti 20. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja, kada a fizge yadin da ya manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti ko da raunin ya yi kama da ƙarami, domin ƙunar lantarki takan yi zurfi a ciki.

Samar da kayan nan nauyinka ne a matsayin mai gida, ba a cire shi daga albashin yaro. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata samar da tufafin kariya, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi mai gida ya riƙa zuba kwatankwacin kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF don ranar rauni. In ba za ka iya sayen komai lokaci guda ba, fara da kwaɗuna da mita mai kyau da safar hannu aji 0. Sai garkuwar fuska guda biyu da cikakken kaya na kalori 8 ga mutum biyun da ke buɗe fanel, ka hana sauran matsowa kusa har nasu ya samu. Kowa ya samu saiti biyu daga baya, don kada ranar wanki ta zama ranar aiki da jesi. Masu ruwan lemon da ka riga ka saya kuma a bar su don haƙan ramin waya da fenti da ɗaukar kaya, nesa da fanel da tankin mai. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a sana'a.